Kai Tsaye

A gidanmu magana ba ta taɓa tafiya kai tsaye tsakanina da mahaifina ba. Ni ne ɗansa na fari, kuma sunan mahaifinsa aka raɗa mini, don haka kunya biyu ta haɗu a kaina. Tun tasowata ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Idan yana son ya aike ni, sai ya dubi Inna ya ce, "A gaya wa mutumin nan ya kai wannan rumfa," alhali ina tsugune a gabansa, inuwata na taɓa tabarmarsa. Inna ta juyo ta maimaita mini abin da na riga na ji. Idan kuɗin makaranta nake nema, ita nake faɗa wa, ta jira sai ya ci tuwon dare ya wanke hannu sannan ta isar. Amsa takan zo washegari, wani lokaci sai bayan kwana uku. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, domin haka na ga ana yi a gidaje da yawa a cikin birnin Kano. Sai dai yaro yaro ne. Nakan ga ƙannena sun haye cinyarsa suna jan gemunsa, ni kuwa in sunkuyar da kai in wuce.

Sana'ar Baba gyaran agogo ce. Sama da shekara arba'in ya yi a 'yar rumfarsa, da ɗan madubi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar ƙusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba. Bai yarda da kalmar "kusan" a sha'anin lokaci ba. Kowace safiya yakan saita agogon hannunsa da ƙarar nan da gidan rediyon BBC ke yi a kan awa, sannan ya saita na mutane da nasa. Wanda duk ya ce masa agogonsa na yin latti kaɗan, sai ya tambaye shi, "Kaɗan ɗin nan daƙiƙa nawa ne?"

Talabijin ya daɗe da isowa Arewa kafin ya shigo gidanmu. Tun 1962 aka buɗe gidan talabijin a Kaduna, a 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA, sannan a farkon shekarun 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa wa Kano tashar CTV 67, wadda yanzu ake kira ARTV. Namu akwatin, mai hoto baƙi da fari, ina ɗan firamare Baba ya sayo shi. Ranar da ake nuna Samanja Mazan Fama tsakar gidanmu ba ya ɗaukar yaran unguwa. Eriyarmu a kan wata doguwar gora take, an ɗaure ta a jikin katanga, kuma duk lokacin da iska ta karkatar da ita hoto ya koma tsaki-tsaki, aikina ne in fita in murɗa gorar. Baba yana ɗaki yana duban hoton, Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ni ina waje cikin duhu. Sai in ji ya ce, "A ce ya juya gabas kaɗan." Inna ta ɗaga murya, "Wai ka juya gabas kaɗan." In juya. "A ce ya yi yawa." Kafin maganar ta iso ni na riga na wuce wurin da hoton ya fito. Haka za mu yi ta yi har a dace.

Shekaru suka shuɗe, gora ta ba faranti wuri. Ƙanina ya kafa wa iyayenmu babban farantin tauraron ɗan Adam a tsakar gida, kuma cikin tashoshin da yake kamowa akwai guda ɗaya da ta zame wa Baba abokiyar zama: tashar Saudiyya da ke nuna Masallacin Harami na Makka dare da rana, ba talla, ba labarai, sai karatun Alƙur'ani da masu ɗawafi. Sau ɗaya ya taɓa zuwa aikin Hajji, a 1978. Da ya bar zuwa kasuwa, yakan wuni gaban wannan tasha, Inna na gefe tana tsince wake.

Allah ya yi wa Inna rasuwa a 2022. Bayan shekara guda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, ya tafi da hannunsa na dama, ya kuma nauyaya harshensa. Da aka sallame shi daga asibiti, 'yan'uwa suka yanke shawarar ya dawo wurina, tunda ni ne babba kuma gidana ya fi kusa da inda ake yi masa gashi. Gidan haya nake, a hawa na biyu, kuma mai gidan ya kafa sharaɗi tun ranar da na shiga cewa ba a huda masa bango ko rufi don kafa faranti. Na je na roƙe shi, na gaya masa halin da ake ciki, ya jajanta mini sosai, ya kuma ce a'a.

Haka muka zauna, ni da mutumin da ban taɓa yin hirar minti biyar da shi ba, ga wadda take isar da saƙo tsakaninmu ta tafi. Da safe in durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana duban bango. Wadda ta cece mu ita ce 'yata Ummi, mai sunan Inna, 'yar shekara takwas, wadda yake kira Uwargida saboda wasan kaka da jika. Ita ta gaji aikin kakarta ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Wata rana a cikin watan Sha'aban ta same ni ina duba takardun ɗalibai ta ce, "Abba, wai in ji mijina, nan gidan ba a kama Makka ne?" Wata biyar ke nan yana gidana, kuma wannan ne abu na farko da ya nema daga gare ni.

Wani abokin aikina ne ya ba ni shawarar in sayi ɗan akwatin nan da ake haɗawa da talabijin ya riƙa jawo tashoshi ta intanet. Na nufi kasuwar 'yan waya, na tsaya wurin wani saurayi mai zaƙin baki. Ya ɗauko mini akwati baƙi wanda bai fi tafin hannu ba, mai aiki da Android irin na wayar salula, da rimot, da wayar HDMI da ake sokawa a bayan talabijin. Sannan ya rage murya ya ce, "Yallaɓai, in ka ƙara wani abu zan zuba maka tashoshi dubbai. Ƙwallon Turai, finafinan Indiya, na Larabawa, duk wanda ake biya a wata kai ka samu na shekara." Kuɗin da ya faɗa bai kai abin da masu biyan ƙa'ida ke kashewa a wata biyu ba. Na san akwai lauje cikin naɗi, amma na yi shiru. Ya ba ni gwajin kwana uku.

Da dare na haɗa, na zauna ina latsa rimot cike da alfahari, tashoshi na wucewa kamar motoci a titin Zariya. Baba yana kallo daga kan kujerarsa. Can ya ce, a hankali, da harshensa mai nauyi, "Uwargida, tambayi ubanki, wa ya biya kuɗin waɗannan duka?" Ummi ta juyo ta maimaita. Na fara kame-kame, ina cewa ai yanzu haka kowa ke yi. Ya ce, "A gaya masa, shekara arba'in ban taɓa karɓar agogon zinare daga hannun yaron da bai san kuɗinsa ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuma ɗakin Allah ba a leƙa shi ta katangar da aka haura." Ya juyar da fuskarsa ga bango.

Gaskiya ya faɗa, kuma na san hakan tun ina gaban saurayin. Waɗannan jerin tashoshi na araha, wasu ne ke satar shirye-shiryen da aka kashe dukiya wajen sayen izininsu, su sake rarraba su ta intanet. Yau suna aiki, gobe an rufe su, mai saye ba shi da wanda zai kai wa ƙara. Ga shi kuma ba ka san abin da aka cusa a cikin akwatin da ka jona da layin gidanka ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, tashar da Baba ke nema ba ta sayarwa ba ce. Masu ita sun buɗe ƙofarta kyauta ga duk mai so. Na je na haura katanga ne alhali ƙofa a buɗe take.

Washegari na goge duk abin da ke cikin akwatin, na mayar da shi yadda ya fito daga masana'anta, na fara daga tushe. Ni malamin adabi ne, ban taɓa karanta ilimin kwamfuta ba, don haka dare huɗu na yi ina lalube. Na sauke wata manhaja mai suna Kodi daga rumbun manhajoji na ainihi. Masu aikin sa kai ne a ƙasashe daban-daban suke gina ta, kyauta suke bayar da ita, kuma asalinta an yi ta ne don na'urar wasan Xbox, da sunan XBMC, kafin a sauya mata suna a 2014. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, fanko take zuwa. Ba ta da tasha ko guda. Kamar sabuwar rumfa ce da aka kafa wa kantoci, kai za ka zuba kayan da ka ga dama, kuma kai za ka amsa tambayar inda ka samo su.

Don ta iya nuna shirin da ake watsawa a lokacin da ake yinsa, sai an ƙara mata wani ɗan reshe da ake kira PVR IPTV Simple Client, shi kuma sai an ba shi jerin tashoshi, wato wani fayil da ake ce wa M3U. Na ɗauka wani tsafi ne mai wuyar ganewa. Da na buɗe shi a kwamfuta sai na ga rubutu ne zalla: kowace tasha layi biyu, na farko sunanta, na biyu adireshin inda hotonta yake fitowa. Na zauna na rubuta nawa da hannuna, na tashoshi kaɗan waɗanda masu su suka bayar kyauta. Na sa Makka a lamba 1, Madina a lamba 2. Na zuba fayil ɗin a filas, na soka a akwatin, na nuna wa manhajar inda yake, na kashe na kunna. Allo ya tsaya baƙi ƙirin. Dare guda na ɓata kafin na gano harafi ɗaya na tsallake a cikin adireshin. A lokacin na tuna da Baba da ƙusoshinsa masu kamar ƙwayar gero, waɗanda in ɗaya ta ɓace agogon duka ya zama ƙarfen banza.

Da na gyara harafin hoto ya fito, amma ba ya minti guda sai ya daskare, wani ɗan zobe ya bayyana a tsakiyar allon yana ta juyawa. Nan ma sai da na nemi sani. Tauraron ɗan Adam da faranti ke kallo yana can sama da nisan kusan kilomita 36,000, yana juyawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa yake kamar a tsaye wuri guda. Yana zubo shirinsa ne kamar ruwan sama, duk wanda ya tara bahonsa ya samu, ko mutum ɗaya ne ko miliyan. Intanet kuwa ɗan garuwa ne. Kowane gida sai ya aika a kawo masa nasa, kuma jarka-jarka ake kawowa. Ana yanyanka hoton ne gutsure-gutsure, kowane gutsure na 'yan daƙiƙu, akwatin ya tara biyu ko uku a randarsa kafin ya fara nunawa. Idan ɗan garuwa ya makara randa ta ƙafe, sai zoben nan ya fito yana juyi har a kawo wata jarkar.

Matsalarmu ita ce na'urar da ke ba mu intanet tana falo, ɗakin Baba kuwa yana can ƙurya, bango biyu na bulo a tsakani. Na ɗauki na'urar da doguwar wayar wuta na shiga yawo da ita daga wannan taga zuwa waccan. Baba yana ɗaki yana duban allo, Ummi tana tsaye a bakin ƙofa. Sai na ji ya ce, "A ce ya matsa kaɗan." Ummi ta ƙwala, "Abba, wai ka matsa kaɗan!" Na tsaya cak da na'ura a hannu, ƙirjina ya yi nauyi. Shekara kusan arba'in sun wuce, gora ta tafi, faranti ya tafi, Inna ta tafi, amma ni ina nan waje ina juya eriya. A ƙarshe na sayo waya mai tsawon mita goma na haɗa na'urar da akwatin, na bi da ita ta gindin bango, zoben ya ragu ƙwarai.

Saura kuɗi. Na yi lissafi: hoton da ke gudu a kan megabit biyu a daƙiƙa yana cin kusan megabait 900 a awa. In Baba ya kalli awa biyar kullum, gigabait 135 ke nan a wata, abin da albashin malamin makaranta ba zai ɗauka ba sai ya taɓa kuɗin cefane. Na rage tsabtar hoton zuwa rabi, idon tsoho bai ga bambanci ba. Ban gaya wa kowa abin da nake kashewa ba, amma mai gyaran agogo ba a ɓoye masa abin da ke tafiya da lokaci. Da kansa ya sa Ummi ta sanar da ni cewa daga La'asar zuwa bayan Isha ya ishe shi. Na saita manhajar yadda da an kunna akwatin za ta faɗa tashar farko, Ummi kuma ta ɗiga jan farce a kan maɓallin da zai riƙa dannawa da hannun hagu.

Ranar da komai ya daidaita, Baba ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba. Ka'aba ce dai, da baƙin mayafinta, jama'a na kewaya ta kamar ruwa a bakin kwarmi. Da kyamara ta ɗaga ta nuno doguwar hasumiyar nan mai ƙaton agogo da ke tsaye a kan Harami, sai ya ɗaga hannun hagu ya dubi nasa agogon, ya gyaɗa kai. Awa biyu Makka ke gaban Kano. Da azumi ya kama ranar Litinin 11 ga Maris 2024, wannan rata ta zama abin dariya a gidan. Muna idar da La'asar ba da jimawa ba sai a ga mutanen Harami sun kai dabino baki, Ummi, wadda ke gwada azuminta na farko, ta ce ita fa mazhabar talabijin take bi. Lokacin da mu muke shan ruwa kuwa su suna shirin tayar da Isha, don haka da kunun tsamiya a hannu Baba yake sauraron Tarawihinsu.

A rana ta uku ga wata ƙanwata, wadda ta tafi Umara, ta kira waya daga cikin Harami daf da Magaribarsu. Ummi ta kara wa kakanta wayar a kunne. Suna cikin gaisawa sai kiran salla ya tashi ta cikin wayar. A allon talabijin kuwa mutane na zaune jigum, dabino a gabansu, ba wanda ya motsa. Baba ya dubi allo, ya dubi waya, sannan ya kafa ido a kan ɗan tsinken agogonsa. Sai da tsinken ya yi tafiya mai nisa ladanin cikin allo ya ɗaga murya. Baba ya ce, "Arba'in da biyu." Ya nuna rubutun Larabci da ke kusurwar allon, wanda ke nufin ana watsa shirin kai tsaye, ya ce wa Ummi, "Tambayi ubanki, wannan kai tsayen nasu na wane gari ne?" Na yi masa bayanin ɗan garuwa da randa, ta bakin Ummi, wadda ta ƙara nata gishirin. Ban sani ba ko ya gamsu. Na dai ga gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa.

Washegari, Alhamis 14 ga Maris, tun da hantsi al'amura suka rikice. A makaranta aka yi ta ƙorafin tura kuɗi ta waya ya ƙi tafiya, saƙonni sun maƙale. Da na dawo gida na tarar da zoben nan yana juyi a allon Baba, ba hoto ba murya. Na kashe na kunna, na cire waya na mayar, na sake duba fayil ɗina harafi-harafi, ina zargin kaina. Sai a labaran yamma na ji cewa manyan igiyoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin Tekun Atalantika sun lalace a kusa da gaɓar Abijan, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma sun shiga halin da muke ciki. Ranar na fahimci irin doguwar hanyar da ɗan garuwanmu ke bi. Makka tana gabas da mu, can muke fuskanta sau biyar a rana, amma hotonta sai ya biyo ta ƙarƙashin tekun da ke kudu, ya fito a Legas, ya hauro kusan kilomita dubu, sannan ya shigo ɗakin tsohon da bai taɓa tsoma ƙafa a wannan teku ba.

Bayan shan ruwa matata ta ja Ummi suka tafi Tarawihi masallacin unguwa. Na zauna a ƙasa kusa da akwatin ina ta latse-latsen da na san ba zai yi amfani ba, don kawai kada in ɗago mu haɗa ido. Ba kowa a gidan sai mu biyu da zoben da ke juyawa. Can na ji ya yi gyaran murya. Tun da ciwon ya same shi maganarsa gutsure-gutsure take fitowa, sai ya tara kalma biyu ko uku ya furta, ya tsaya, ya sake tarawa. A da nakan yi saurin ƙarasa masa jimla. A daren nan na yi shiru na jira.

Ya ce, yana duban allon, "Can kusa da Maƙamu Ibrahim, a da akwai matakala. Ana sauka ƙasa wurin Zamzam. Yanzu sun rufe." Ya huta. "Shekarar da na je, na baro ta da tsohon ciki. Ba waya a lokacin. Kullum in na yi ɗawafi sai in roƙi Allah ya sauke ta lafiya. Sai wani mutumin unguwarmu ya iso a jirgin baya, da wasiƙa a aljihu." Ya sake yin shiru, har na zaci ya gama. "Kwana tara. Kwana tara da haihuwa. Har an yanka rago. Ina ta roƙon abin da an riga an ba ni. Na sauka matakalar nan na zuba ruwa a fuska, don kada a gane kuka nake."

Ban motsa ba. Na san shekarar haihuwata, na san ya je Hajji a shekarar, amma ba wanda ya taɓa haɗa mini su wuri guda. Sai ya juyo da fuskarsa daga allon, ya dube ni.

"Yayana ne ya sa maka sunan. Ba na nan." Ya haɗiye yawu da ƙyar. "Da ina nan, da ban bari ba. Ba don sunan ba shi da kyau ba. Na san ranar da aka sa maka shi an rufe mini baki."

Maka. Wannan 'yar kalma ita na ji fiye da duk sauran. Shekarata arba'in da biyar a duniya, kuma ranar ce ta farko da mahaifina ya yi magana da ni ba ta bakin kowa ba. Na rasa abin cewa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, in ƙaro maka kunu?" Ya ce, "Ƙaro." Na tashi na tafi kicin, na daɗe a can fiye da yadda zuba kunu ke buƙata.

Cikin 'yan kwanaki aka karkatar da zirga-zirgar intanet ta wasu hanyoyin, hoto ya fara dawowa, yana yi yana tsayawa, kafin ya daidaita. Ba zan ce komai ya sauya a gidanmu ba. A gaban mutane har gobe ni ne "mutumin nan," kuma Ummi ba ta sauka daga muƙaminta ba, ba ta ma da niyyar sauka. Sunana bai fito daga bakinsa ba, ban kuma sa ran zai fito ba, domin sunan mahaifinsa ne kafin ya zama nawa. Amma yanzu in na dawo daga makaranta nakan shiga ɗakinsa bayan La'asar in zauna a gefen kujerarsa, ya danna maɓalli mai jan farce, mu jira randa ta cika. Wani lokaci yakan nuna mini inda wani gini yake a 1978. Wani lokaci mu yi shiru har a kira Magariba a can.

Ana saura kwana biyu Salla ya sa na buɗe tsohuwar jakar kayan aikinsa, na ɗauko wani agogon aljihu da ya daɗe bai yi tafiya ba. Hannu ɗaya ba ya iya ba agogo wani. Ya koya mini yadda zan riƙe shi, da yadda zan murɗa kan a hankali har in ji ya fara tauri in tsaya. Ya ce in saita shi a kan lokacin Makka, mu rataye shi kusa da talabijin. Na ƙara awa biyu a kan namu, sannan na tambaye shi ko in rage daƙiƙa arba'in da biyun nan, don ya dace da abin da muke gani a allo.

Ya girgiza kai. "Bar shi a kan gaskiyarsa," in ji shi. "Can komai a kan lokaci ake yinsa. Mu ne labari ke iskewa a makare." Ya miƙo hannun hagu na ɗora masa agogon, ya kai shi kunne ya saurara, sannan ya miƙo mini ya ce in ji.